Kiɗan da ke jiran ɗan wasa

A shekarar 2010 shahararren mai sharhin fina-finai na Amurka, Roger Ebert, ya dage cewa wasannin bidiyo ba za su taɓa kai matsayin fasaha ba. Masu raina kiɗan gem har yau kan layinsa suke: su ɗauko kiɗan, su saurare shi a faifai shi kaɗai, su ce maimaici ne. To ai faifan ne ya kashe shi. Kiɗan da aka gina domin ya bi motsin ɗan wasa ba a auna shi sai da mai wasan a ciki.

Tarihin ba shi da tsawo. A Space Invaders na 1978, sautuka 4 ne kacal ke ta zagaye, suna ƙara sauri yayin da abokan gaba ke matsowa. A Super Mario World na 1990, Koji Kondo ya shirya cewa da zarar Mario ya hau Yoshi, dabbar hawansa, sai ganguna su shigo kan kiɗan da ke gudana, ya sauka su ɗauke. Wannan ɗora sauti kan sauti salo ne da ya yaɗu sosai. Red Dead Redemption na 2010 ma da shi ya yi aiki: Bill Elm da Woody Jackson sun ɗauki guntayen kiɗansu kan sauri ɗaya da amo ɗaya domin kowane ya hau kan ɗan'uwansa. Dabara ce mai kyau, amma mai sauƙi.

Gwaninta tana Woodtick, garin da aka gina da ɓaragen jiragen ruwa a Monkey Island 2 na 1991. Michael Land da Peter McConnell na kamfanin LucasArts suka ƙirƙiro masa tsarin iMUSE. Guybrush, jarumin wasan, na tafe a titi, taken garin na tashi a hankali. Ya leƙa shagon kafinta, sai taken ya koma wani salo da wasu kayan kiɗa. Ya shiga wajen mai zanen taswira ko masauki, kowanne da nasa. Ba a yanke komai. Kwamfutar takan jira kiɗan ya iso gaɓar da ta dace, ta saka ɗan gajeren sauti na sadarwa, sannan ta wuce. Kuma tunda ba wanda ya san lokacin da ɗan wasa zai fita ƙofa, dole aka rubuta mafita daban-daban a gaɓoɓi daban-daban, wasu ma da wuya kunne ya taɓa cin karo da su. Wannan ɗan jinkirin shi ne aikin mai kalangu a filin dambe, wanda idonsa na kan ɗan dambe, amma ba ya karya kiɗa a tsakiya don kawai an kai naushi.

Shi ya sa lambobin yabo ba su gamsar ba. An sa kiɗan Austin Wintory na Journey, wasan 2012, cikin 'yan takarar Grammy, kuma a 2023 aka fara ba kiɗan gem lambarsa ta kansa. Madalla. Sai dai faifai ake miƙa wa alƙalan, a jere daga farko zuwa ƙarshe, alhali mahaɗan da mawallafi ya fi shan wahala a kansu suna can cikin wasan, sai mai riƙe da madanni ne ke jin su.