Montessori: Daga Gidan Haya Zuwa Makarantar Kuɗi

A watan Janairun 1907 aka buɗe wani ɗaki a unguwar San Lorenzo ta birnin Rum, aka tara yara kimanin 50, 'ya'yan leburori da iyayensu ke fita aiki su bar su suna ta ɓarna a gidan haya. Masu gidan ba karatu ne ya dame su ba, so suke a daina ɓata musu bango. Wadda aka ɗora wa aikin likita ce, Maria Montessori, wadda ta fara da kula da yara masu raunin ƙwaƙwalwa, ta kuma amfana da rubuce-rubucen Faransawa biyu, Itard da Séguin.

Da idon likita ta shiga ajin: ta zauna tana kallon yara kafin ta yanke musu abin da za su koya. Ta sa kafinta ya yi kujeru da tebura daidai tsayinsu, marasa nauyi, yadda ɗan shekara 3 zai ɗauki tasa ya kai inda yake so. Aka yanka haruffa da sanfefa, yaro ya bi da yatsa yana furta sautin, hannu ya san harafin tun bai riƙe alƙalami ba. Akwai kuma katako mai ramuka 10, kowane rami da sandarsa. In yaro ya saka wata a ramin da ba nata ba, a ƙarshe ɗaya za ta rage a hannunsa ba ta da wurin shiga. Ba mai tsawa, ba mai cewa bai iya ba, shi da kansa zai koma ya laluba. A ganina nan ne ƙarfin tsarin yake, domin gyaran ya fita daga bakin malama ya koma cikin kayan aikin.

Tsarin bai tsira daga suka ba. A 1914 William Kilpatrick na Amurka ya ce tsarin ya takura wasan kwaikwayo na yara, kowa na aikinsa shi kaɗai. Yana da gaskiya daidai gwargwado: yaron da ya mai da sandunan nan motoci, a wurin Montessori bai yi amfani da kayan yadda ya kamata ba.

Sunan Montessori kuma ba shi da mai gadi, kowa na iya rubuta shi a ƙofar makarantarsa. Shi ya sa za ka gan shi a allunan makarantun kuɗi a biranenmu, amma ka leƙa wasu azuzuwan ka tarar da yara a jere kan benci suna rera ABC, malama na riƙe da bulala. Laifin ba na malamar ba ne ita kaɗai. Tsarin yana son a haɗa 'yan shekara 3 zuwa 6 a aji guda, a bar su sa'o'i suna zaɓen aikinsu, iyaye kuwa sun biya kuɗin zango, suna jiran littafi cike da jan biro da sakamakon wanda ya zo na ɗaya.