Tonon Kufai: Daga Bibracte Zuwa Dutsin Zurmi

Tarihin wanda aka ci da yaƙi, yawanci wanda ya ci shi ne ke rubutawa. Haka ya faru ga Golawa, mutanen da suka zauna a ƙasar da ake kira Faransa yanzu. Julius Kaisar ya murƙushe su a Alesiya a shekara ta 52 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shi ne kuma ya zauna ya rubuta labarinsu. Aka yi ƙarnoni ana kallonsu da idon maƙiyinsu, sai da masu tonon kufai suka shiga aikin.

Cikin waɗannan, Joseph Déchelette ya fi tsaya mini a rai. An haife shi a Roanne a 1862, ɗan gidan masu masaƙa ne, ya kuma daɗe yana fataucin yadi. Wani dattijon danginsa, Jacques-Gabriel Bulliot, ya soma tonon Bibracte, tsohon birnin Golawa da ke bisa dutsen Beuvray, tun 1867. Déchelette ya karɓi aikin a 1897, ya riƙe shi har 1907. Bai je neman tukunyar zinariya ba. Tsingaro yake tsinta, da maƙalan riga na ƙarfe, da kuɗin tagulla, da kashin maƙera, yana rubuta inda kowanne ya fito da zurfin da aka same shi. Da ya jera kayan Bibracte kusa da na Stradonice a ƙasar Cek da na Manching a Jamus, sai ya ga ƙira ɗaya ce, hannu ɗaya ne. Ashe waɗanda aka ce mayaƙa ne kawai suna da birane masu ganuwa, da unguwannin maƙera, da fatauci mai ratsa ɗaruruwan kilomita. Ina ganin idon ɗan kasuwa ne ya taimake shi, domin wanda ya saba shafa yadi ya gane masaƙarsa ba zai raina ɓallin tukunya ba. Ya mutu a fagen Yaƙin Duniya na Ɗaya a Oktoban 1914, bai kammala babban littafinsa kan tonon kufai ba.

To, mu dawo gida. Zamfarawa sun sha irin ƙaddarar Golawa. Gobirawa a ƙarƙashin Sarki Babari sun ci Birnin Zamfara a wajen 1760 da 'yan kai, suka mayar da Alƙalawa babban birninsu. Ita ma Alƙalawa ta faɗi a 1808 a hannun masu jihadi, cikinsu har da Muhammadu Namoda, wanda Ƙaura ke amsa sunansa. Mafi yawan rubutun da ya rage daga wancan zamani na malaman Sakkwato ne, kuma abin da ya dame su daban ne. Ba su rubuta don su gaya mana me matar Bazamfare ke dafawa ba, ko a ina maƙeri ke samo tama.

An yi ƙoƙari ta fuskar baka da takarda. Bajamushe Kurt Krieger ya buga tarihin Zamfara a 1959. Dakta Garba Nadama, wanda daga baya ya yi gwamnan tsohuwar Jihar Sakkwato, ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977 kan tashi da faɗuwar daular. Ayyuka ne masu nauyi, amma jerin sarakuna yana da iyaka: yana faɗin wa ya gaji wa, ba ya faɗin yaushe aka fara zama a wuri. Labarin baka ya ce Dutsi, a ƙasar Zurmi, nan ne mazaunin farko na sarautar Zamfara, har ana nuna wasu dogayen kaburbura ana cewa na sarakunan farko ne. Yaushe aka kafa garin? Gawayin da ke ƙarƙashin murhu zai iya amsawa in an auna shekarunsa a ɗakin gwaji. Haka kufan Birnin Zamfara da ke wajen Isa, kusa da Shinkafi: tsawon ganuwarsa, ramukan marina, da tarin kashin maƙera za su nuna girman birnin fiye da kirarin maroƙi. Ba abu ne da ya gagara a ƙasar Hausa ba. Mai tonon kufai Anne Haour ta yi irinsa a Kufan Kanawa ta Nijar.

Sai dai sana'ar na da nata aibin, kuma Faransa ce ta nuna shi. Sarki Napoleon na Uku ya zuba kuɗi a tonon Alesiya daga 1861 zuwa 1865 domin yana neman kakannin da zai jingina mulkinsa da su. Wannan jarabar na jiranmu. Duk inda ake gardamar sarauta ko ta wa ya riga wa zuwa, za a so mai tono ya fito da abin da zai faranta wa fada. In ya yarda, ya zama maroƙi mai shebur.

Aibi na biyu ya fi ciwo. Gumakan yumɓu da ake kira na Sakkwato da na Katsina sun cika kasuwannin Turai, har ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa su a jerin kayan da ke cikin haɗari a 2000. Ɓarayi ne suka tono mafi yawansu da dare, ba wanda ya rubuta ramin da suka fito. Abin da aka zare daga ƙasarsa babu bayani ya zama ado kawai, ba ya ba da shaida.

Na san halin da ake ciki. Manomin Zurmi da ba ya iya zuwa gonarsa saboda 'yan bindiga ba zai saurari zancen tsingaro ba, kuma yana da gaskiya. Amma akwai aikin da ba ya jiran zaman lafiya. Hotunan tauraron ɗan'adam na nuna zanen tsofaffin ganuwa daga sama, ɗalibin tarihi a Gusau ko Sakkwato zai iya zana taswirarsu a kwamfuta. Dattawan da suka yi gudun hijira zuwa Ƙaura da Shinkafi sun san sunan kowane kufai, da rijiyarsa, da inda garma ke tono tukwane duk damina. A ɗauki muryarsu yanzu, a rubuta wuraren ɗaya bayan ɗaya, a damƙa kwafi ga fada da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, domin wanda zai zo da shebur da ma'auni ya san inda zai fara.