'Yan Lifidi a Allon Kwamfuta: Bitar Ƙasar Hausa ta Cikin Age of Empires III

Ranar wata Alhamis bayan sallar isha'i na shiga gidan ƙanwata a Rafin Daɗi, na tarar da babban ɗanta a zaure ya tanƙwashe ƙafa gaban kwamfutarsa. Ya durƙusa ya gaishe ni, amma rabin hankalinsa na kan allon. Har na ɗaga labule zan wuce ciki sai na ji murya ta fito daga na'urar da Hausa. Na waiwayo. Ya ce, "Kawu, zo ka gani, mutanenmu ne." Na zauna a bakin tabarma. Ga dawaki an lulluɓe su da lifidi, ga rumbuna da gonaki kewaye da su, ga shanu suna kiwo kusa da gine-ginen jar ƙasa. Duk wanda ya taɓa da kibiyar allon, sai ya amsa masa da harshen da muke ciniki da shi a kasuwa. Ban shiga gaida mutanen gidan ba sai da dare ya yi nisa, kuma tun daga ranar na yi ta komawa zauren nan har na san wasan ciki da bai.

Sunan wasan Age of Empires III, na kamfanin Microsoft. Ya fara fitowa a 2005, aka sabunta shi a 2020, sannan a watan Agustan 2021 aka yi masa ƙari mai suna The African Royals, wanda ya shigo da al'ummu biyu na Afirka: Habasha da Hausa. Wasa ne na dabarar mulki da yaƙi. Ana ba ka 'yan talakawa kaɗan da fili, ka tara abinci da itace da kuɗi, ka gina gari, ka ɗaukaka shi daga zamani zuwa zamani har hawa biyar, ka tara runduna, ka kare kanka ko ka ci abokin karawarka. Duniyarsa ta ƙarnonin da ke tsakanin tafiyar Turawa zuwa Amurka da shigowar injin ce, wato daidai lokacin da biranen Hausa suka yi tashe.

Abin da ya fi burge ni a wannan aiki yana cikin ƙa'idojin wasan, ba a adonsa kawai ba. Zana rawani da doki abu ne mai sauƙi, kowa na iya yi. Masu ƙirƙirar wasan kuwa sun zauna sun tambayi kansu: da me sarautar ƙasar Hausa take tsayuwa? Amsar da suka samo suka mayar da ita dokar wasa, ta yadda ba za ka ci nasara da Hausawa ba sai ka yi tunani irin na mai riƙon birnin Hausa.

Bayan abinci da itace da kuɗi da kowace al'umma ke tarawa, mutanen Afirka an ba su dukiya ta huɗu wadda ba a haƙo ta daga ƙasa, ba a sare ta a daji. Sun kira ta tasiri, mu kuwa da faɗa-a-ji muka san ta. Da ita kake gayyato mayaƙan maƙwabta, da ita kake ɗauko sojan haya da igwa daga waje. Ina kuma Bahaushe ke samun ta? A wurin shanunsa, a zangon fatake, da kuma makaranta. Ginin da aka keɓe wa Hausawa su kaɗai a wasan shi ne babbar makarantar ilimi, kuma albarkarta tana ƙaruwa ne idan ka kafa ta kusa da tsakiyar gari, ko fada, ko zango. Ka kai ta bayan gari ita kaɗai, amfaninta ya ragu.

Ranar da na gane wannan sai da na yi shiru, domin labarin garinmu Katsina ne aka rubuta da harshen lissafi. Bakatsine ba ya buƙatar a fassara masa dangantakar fada da kasuwa da malamai. Hasumiyar Gobarau tana tsaye tsakiyar birni, tafiyar ƙafa kaɗan daga Ƙofar Soro, shaidar zamanin da masallaci ya zama makarantar da ake yi wa takakka daga nesa. Shehu Magili ya zauna a Katsina wajen ƙarshen ƙarni na 15. Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, wanda ya rayu daga 1595 zuwa 1667, malamai ne da sarakuna ke sauraron maganarsu. Muhammadu al-Katsinawi ya rubuta littafinsa na lissafin hatimai a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Bayan da Maroko ta karya Songhai a Tondibi a 1591, ayarin Sahara da masu ilimi da yawa suka karkato gabas, Katsina ta zama babban masaukinsu. Fatake sun kawo dukiya, dukiya ta riƙe malamai, malamai suka ɗaukaka sunan gari, suna kuma ya jawo wasu fataken. Wannan zagayen ne yaron nan ke ginawa da yatsunsa, ko da bai taɓa karanta shi a aji ba.

Haka ma yadda ake hawa daga zamani zuwa zamani. Idan da Turawa kake wasa, ɗan siyasa kake zaɓa. Idan da mutanen Asiya ne, wani gagarumin gini kake yi. Bahaushe kuwa ƙawance yake ƙullawa: da Buzaye da danginsu na Sahara, ko Maroko, ko Songhai, ko Fulani, ko Yarabawa, ko Akan mutanen ƙasar goro da zinariya, ko ma Ingilishi a can gaba. Kowane aboki da abin da yake kawo maka. Wanda ya san tarihin fatauci zuwa Gwanja, da ayarin Agadas da Gat, da unguwannin baƙi da ke cikin tsofaffin biranenmu, zai ga gaskiyar wannan zaɓi. Garin Hausa bai taɓa girma da ƙofa a rufe ba.

Sai batun shanu. A wasan akwai kara, wato kasuwar dabbobi, inda saniya ke ƙara ƙiba, kana riƙe da ita tana ƙara maka martaba, in ka matsu ka sayar ka karɓi itace ko kuɗi. Farashi yana hawa in ka yi haƙuri, yana faɗuwa in ka yi ta sayarwa a jere. Na ga yaron ya ɗaga hannu zai sayar da sa, ya fasa, ya ce, "Kawu, bari ya ƙara cika tukuna." Maganar da za ka ji a bakin kowane mai kiwon turka ke nan a Charanchi ko Mai'aduwa ana saura wata guda Babbar Sallah. Dabba ita ce asusun talaka da sarki, kuma wasan ya kama wannan daidai.

A fagen fama, gwarzon rundunar shi ne ɗan lifidi. An yi shi mai jure sara da harbi, ba mai saurin kisa ba. Aikinsa ya tsaya gaba ya sha wuya domin maharban Fulani da ke bayansa su samu sararin sakin kibau. Wannan ma ya yi daidai da abin da lifidi yake. Riga ce ta doki da mahayi da ake cusa wa audugar rimi a ɗinke ta gida-gida, kibiya ta shiga ta maƙale kafin ta kai fata. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Mu da muke ganin 'yan lifidi shekara-shekara a hawan sallah, suna tafe a hankali da nauyin kayansu, mun saba ɗaukar su ado. Wasan ya mayar musu da aikinsu na asali a idon yaro.

Duk da haka akwai wuraren da aikin ya yi tuntuɓe, kuma ƙaunar abu ba ta hana a faɗi aibinsa.

Na farko, sunaye. Mawaƙin da ke zuga runduna yana rikita abokan gaba an kira shi da kalmar da Faransawa ke kiran mawaƙan ƙasar Mali da Senegal. Alhali muna da maroƙi, da sanƙira, da makaɗin tambari, da mabushin kakaki, kowanne da matsayinsa a fada. Babban sojan bindiga kuma an sa masa suna Maigadi. Kalmar gadi daga Ingilishi muka are ta bayan zuwan Turawa, kuma a kunnen Bahaushe tana kawo hoton dattijo a bakin ƙofa da tocila, ba barden sarki ba. Dogari ko ɗan bindiga ya fi dacewa da zamanin. Da an tambayi kowane dattijo a Ƙofar Soro, da ya gyara wannan a zama ɗaya.

Na biyu, an dunƙule Hausa Bakwai ta zama ƙasa guda. Jagorar Hausawa a wasan Sarauniya Amina ce, babban birninsu kuma Kano. Na fahimci dalili: ana neman suna da birnin da duniya ta fi sani, kuma Amina ta cancanci wannan girma, ga shi ma wani wasan, Civilization VII, ya sa ta cikin shugabanninsa a 2025. Amma Amina ta Zazzau ce, kuma abin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo a Infakul Maisuri shi ne ta kai yaƙi har Katsina da Kano. Daɗin tarihinmu yana cikin wannan gasa ta 'yan'uwa: Kano da Katsina sun daɗe suna ja-in-ja a kan hanyar fatauci, Gobir na tsaye a arewa, Zazzau na tsare da kudu, Daura na riƙe da girman uwa. Wanda ya shafe wannan ya zubar da rabin labarin.

Na uku shi ne wanda ya fi taɓa ni. Cikin yaƙoƙin tarihi uku da aka haɗa da wannan ƙari akwai wanda aka gina a kan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ya fara a 1804, aka sa masa sunan da ma'anarsa ita ce faɗuwar Hausa. Gidajen sarauta ne suka sauya, Hausa ba ta faɗi ba. Katsina ta koma hannun Malam Ummarun Dallaje a 1807, Alƙalawa ta Gobir ta faɗi a 1808, amma tsohon gidan sarautar Katsina ya ƙaura arewa ya kafu a Maraɗi, inda har yau ake kiran mai sarautar Sarkin Katsina. Shehu da 'yarsa Nana Asma'u da almajiransu sun yi wa'azi da waƙa da Hausa domin su isa ga jama'a, harshen ya ƙara yaɗuwa a ƙarƙashin daular da jihadin ya kafa. Yaron da zai fara jin labarin jihadi daga wannan take zai ɗauke shi faɗan ƙabila biyu, alhali Hausawa da Fulani sun kasance a ɓangarorin biyu.

Akwai kuma fuskar wasan da ta fita daga tarihi ta shiga almara, kuma nan ne ya fi jan zuciyar yara. Kana iya haɗa Hausawa da Japanawa ko Rashawa a filin da ba su taɓa haɗuwa ba. Wani dare na iske yaron ya ja daga da Ingilishi. Ya tara 'yan lifidi, ya sayo igwa da faɗa-a-jin da makarantunsa suka tara masa, ya rushe sansaninsu. Ya juyo yana murmushi ya ce, "Kawu, yau ba su shigo ta Ƙofar 'Yanɗaka ba." Ya san ta nan Lugga, jagoran Ingilishi, ya shiga Katsina a 1903, shekarar da Kano da Sakkwato suka faɗa hannun Turawa, aka ƙare yaƙin a Burmi. Abin da tarihi ya hana shi, wasa ya ba shi na dare ɗaya.

Wannan marmarin ba baƙo ba ne a garin nan. A gasar rubutun 1933 da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya, biyu daga cikin littattafai biyar da aka buga sun fito ne daga hannun wa da ƙane da ke koyarwa a Katsina: Malam Bello Kagara da Gandoki, Abubakar Imam da Ruwan Bagaja. Gandoki ya fara da yaƙoƙin gaske da aka yi da Turawa, sannan marubucin ya ɗauke jaruminsa ya kai shi duniyar aljannu da ƙasashen gabas masu nisa, inda takobinsa ke ci ba a ci shi. Imam kuwa ya aika jaruminsa Alhaji gari bayan gari neman ruwan magani, ga Malam Zurƙe na biye da shi da makirci, kowane gari da irin jarrabawarsa. Duk wanda ya san yadda ake tsara wasannin kwamfuta na kasada zai ga taswirarsu a shimfiɗe cikin waɗannan shafuka. Ƙara da rijiyar Kusugu da macijinta, da kokawar Korau da Sanau, da takobin Gajere, da kushewun sarakuna na Durɓi-ta-Kusheyi. Wannan taska ce da The African Royals bai taɓa ba, kuma ba laifinsa ba ne, don ba ita ya fito nema ba.

Hukuncina shi ne aiki ne na mutunci, wanda masu shi suka yi bincike kafin su yi zane, suka ɗauki Bahaushe a matsayin mai birni da makaranta da kasuwa. Ya cancanci a buga shi, ya kuma cancanci babba ya zauna kusa da yaro lokacin da yake bugawa, don ya cike masa giɓin. Daren ƙarshe da na je, na tafi masa da tsohon kwafina na Gandoki, bangon ya sha hannu. Ya juya shi, ya karanta shafin farko a hasken allon, ya ɗago ya ce, "Kawu, wannan ai wasa ne da ba a riga an gina ba." Yana shekarar farko a karatun kimiyyar kwamfuta. Na bar masa littafin.