Sunan wa za a rubuta? Tsokaci a kan tsarin madogara na «suna da shekara»

Yawancin mujallun nazarin harshe, na Faransanci da na Ingilishi, sun daidaita a kan hanya guda ta nuna inda aka samo magana: a cikin rubutu a sa sunan mawallafi da shekarar bugu da lambar shafi tsakanin baka biyu, sa'an nan a ƙarshen maƙala a jera littattafan bisa tsarin abacada. Amfanin wannan hanya ba ya ɓoyuwa. Ta rage tarin bayanan ƙasan shafi, kuma duk wanda ya ga «Bargery 1934» ya san ƙamus ake nufi. Sai dai an ƙera ta domin abin da aka buga ne, mai mawallafi sananne da shekara sananniya. Kayan aikin mai nazarin Hausa kuwa, da dama daga bakin mutane suka fito, ko daga takardun ajami, kuma a nan ne tsarin yake yi mana ɓarna ba tare da mun lura ba.

Mu ɗauki «Schön 1885», watau littafin Magana Hausa, wanda manazarta tarihin harshe suke yawan kafa hujja da shi. Schön Bajamushe ne, ɗan mishan, kuma shi ya rubuta ya buga, wannan gaskiya ne. Amma babban rabo na Hausar da ke ciki ta Dorugu ce, yaro ɗan ƙasar Damagaram da aka kama bauta, aka ƴanta shi a Barno, ya bi Barth har Ingila a 1855, inda ya zauna ya yi wa Schön shiftar labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi. Ke nan alamar nan ta ɓoye abu uku a lokaci guda: mai maganar, da karin harshensa, da lokacin da ya yi ta, domin tsakanin shiftar da bugun akwai kusan shekara 30. Ɗalibin da ya karanta «Schön 1885» zai ɗauka Hausar ƙarshen ƙarni na 19 ce, ta wani wuri marar suna, alhali kuwa Hausar saurayi ce Badamagare, na tsakiyar ƙarnin, wanda ya daɗe cikin Barebari. Sai a 1971, da Kirk-Greene da Newman suka fitar da labarin cikin Ingilishi, aka mai da hankali sosai ga Dorugu a matsayin mai labarin kansa.

Ba shi kaɗai ba ne. Juzu'i biyu da ake kira «Rattray 1913» Malam Shaihu ne ya rubuta su da ajami a ƙasar da ake kira Gana yanzu, kuma rubutun hannunsa yana nan cikin littafin. Juzu'i uku na Edgar, na 1911 zuwa 1913, malamai ne suka rubuta abin da ke ciki. Ƙamus ɗin Abraham ma ya fito a 1949 da sunan Malam Mai Kano tare da nasa. A bugun 1962, wanda shi ne a hannun kowa, sunan malamin ya sauka daga bango, mu kuma muka bi bango.

Wani zai ce wannan batun ladabi ne kawai, na ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Ko da haka ne ya isa dalili. Amma ga mai tsara littattafan yaƙi da jahilci batun ya wuce nan. In ana gardama a kan kalmar da za a sa cikin littafin da za a karanta a Tawa da Maraɗi da Damagaram, inda wani ke cewa «hwari» wani na cewa «fari», hujjar da ba ta faɗi garin mai magana ba, ba ta raba gardama. Sau da yawa nakan ga an kawo jimla an ce «Hausa na cewa», a duba madogara a tarar da sunan Bature da birnin Landan.

Ga maganar baka ta yau, abin ya fi muni. Ƙa'idar APA, wadda jami'o'i da yawa suka ɗauka, tana lissafa hirar da mai karatu ba zai iya komawa gare ta ba a matsayin zance tsakanin mutum biyu: a ambace ta cikin rubutu, kada a sa ta cikin jerin ƙarshe. Bugu na 7, na 2019, ya ƙara bayani a kan al'adun baka, ya yarda a faɗi al'ummar mai magana da wurinsa, amma bai ba shi gurbi a jerin ba. Sakamakon haka, dattijon da ya kwana uku yana ba da tarihin sarautar Gobir ba ya cikin jeri, wanda ya rubuta shafi biyar a kansa yana ciki. A ƙasar da aka kafa cibiyar tattara tarihin baka tun 1968, wadda ta zama CELHTO a Yamai, bai dace mu karɓi wannan ido rufe ba. Abin da aka naɗa aka ajiye, ana iya komawa gare shi kamar littafi. Ya cancanci layinsa: sunan mai magana da sana'arsa, garinsu, inda aka yi hirar da ranar, wanda ya naɗa, inda faifan yake da lambarsa. In waƙa ce, a ƙara wurin da aka yi ta, domin makaɗi ba ya maimaita waƙa daidai sau biyu. Ta gaban sarki daban, ta gidan rediyo daban.

Akwai togiya guda da na yarda da ita. Wanda ya ba da sirrin fada, ko matar da ta yi bayanin bori, suna iya ƙin a ambace su. A sakaya sunan, amma a bar gari da shekaru da lambar faifai, a kuma faɗi cewa da gangan aka sakaya.

Takardar ajami tana da tata wahala. Tana da mawallafi, da mai kwafe, da mai ajiya, kuma mai kwafe yakan karkatar da kalma zuwa karin garinsu. Rubuta «ba shekara» a gabanta sau da yawa lalaci ne, tun da marubuta waƙoƙi sukan bar shekarar hijira cikin ramzi a baitocin ƙarshe. A warware ramzin, a ba da shekarar hijira da ta miladiyya, a bambanta ta da ta kwafi in an san ta.

Saura juya suna. Tsarin yana neman sunan dangi a gaba, shi ya sa muke ganin «Zungur, S.» da «Haɗeja, M.», ga shi kuwa waɗannan sunayen wurare ne, kuma ba wanda ya san Sa'adu ko Mu'azu da harafi guda. A nan Nijar ga ƙarin rikicin rubutun Faransanci, inda mutum ɗaya yake zama Mahamane a wannan jeri, Mamman a wancan. Abin da ya fi sauƙi shi ne a rubuta sunan cikakke yadda mai shi ya sa a kan aikinsa, a jera shi a ƙarƙashin sunan yanka.