Jinjina ga Masu Siber na Pissy

An san Pissy, a yammacin Wagadugu, da ramin da mata ke fasa dutse da hannu. Amma yaran unguwar da suka taso bayan intanet ya shigo Burkina Faso ta hannun kamfanin sadarwa na ONATEL a 1997 suna da wani abin tunawa: shagon siber.

Mai shagon shi ne mai kuɗi, shi ne makaniki, shi ne malami. Zai hura ƙurar harmatan daga cikin kwamfuta, ya goge faifan CD da gefen riga, ya nuna wa yaro yadda ake riƙe linzami.

Wasannin nuni da dannawa na wancan zamani, waɗanda yara ke bugawa a shagon, ba sa son gaggawa. A Monkey Island na 1990, jarumin wasan, Guybrush Threepwood, yana cin faɗan takobi ne da iya baƙar magana. Broken Sword na 1996, wanda Faransawa ke kira Les Chevaliers de Baphomet, yana farawa da fashewar bam a wani gidan shayi a Paris. Sai an karanta, an tattara kaya a aljihun ɗan wasa, an gwada wannan da wancan.

Idan yaro ya maƙale, mai siber kan leƙo ta kafaɗarsa ya ce, "Ƙanena, koma ka duba aljihunka."