Fenti ba ya tada inji

A 'yan shekarun nan wata sha'awa ta kama mutane a Amurka da Turai, ta farautar tsofaffin injinan yankan itace, masu sarƙar nan, a gyara su. Mutum zai tsinto McCulloch mai ruwan ɗorawa ko Homelite a rumbun kakansa, duk ya sha tsatsa, ya kwance shi kaca-kaca, ya kankare, ya fesa sabon fenti, har tambarin kamfani ya sayo sabo ya manna. Ya ɗauki bidiyo ya saka a YouTube, sannan ya ɗora injin a kan kanta. Shi ke nan, shi da itace sai dai kallo.

Wannan ajiyar a kan kanta ce ba ta kwanta mini a rai ba.

Ba na musun cewa injinan sun cancanci adanawa. Andreas Stihl ya fito da mai aiki da lantarki a Jamus a 1926, Emil Lerp na kamfanin Dolmar ya biyo baya da mai shan fetur a 1927, kuma na wancan zamani sai ƙarti biyu ke iya sarrafa su. Haƙoran sarƙar da ake amfani da su har yau ma, Joseph Cox ya samo dabararsu ne wajen kallon yadda tsutsar wani ƙwaro ke cin itace a jihar Oregon, ya fara sayarwa a 1947. Amma duk wannan hikimar a cikin cikin inji take, fenti bai san da ita ba.

Abin dariyar shi ne, Stihl 070, wanda a can ake lallaɓawa kamar kayan tarihi, a dazukan kudancin Najeriya da Ghana da Kamaru har gobe da shi ake neman abinci. Na taɓa zama wurin wani dattijon makaniki a bakin kasuwar 'yan katako, aka kawo masa guda ɗaya da ya ƙi tashi. Ko kallon jikinsa bai yi ba. Igiyar ya kama ya ja a hankali, yana jin ƙarfin matsin a hannunsa. Ya kwance salansa, ya haska fitilar wayarsa ta ramin, ya kira ni: "Malam, matso ka gani." Jikin fistan ya yi zane-zane kamar an yaƙushe shi. Ya dubi mai injin ya ce, "Kai, yaro, rowar baƙin mai ka yi masa." Irin wannan inji ba shi da ma'aji daban na man da ke shafe fistan, a cikin fetur ake gauraya masa, in aka rage kuwa fistan ne ke biya.

Ya sa sabon fistan da zobba, ya wanke kafireta, ya canza 'yar siririyar robar cikinta da ta bushe ta yi ƙyamas, da tiyon mai da ya tsage, ya goge fulogi. Ja na uku injin ya kama, hayaƙi ya turnuƙe rumfar, mai shayin gefe ya yi ta mita. Wannan nake kira gyara.

Masu ajiye nasu a kanta suna da hujja guda da ba zan raina ba. Birkin sarƙa bai shigo ba sai a shekarun 1970, don haka yawancin tsofaffin nan ba su da shi. In bakin takobin ya ci karo da ƙullin itace ya yi tsalle baya, babu abin da zai tsai da sarƙar kafin ta iso fuska. Ga nauyi, ga jijjigar da ke sa yatsu mutuwa. Ba zan ce wani ya ɗauki Stihl Contra na 1959 ya yini da shi a dawa ba. Amma a tada shi jefi-jefi, a yanka gungume ɗaya a tsanake, me zai hana? Zaman ma lalata shi yake yi: robobi su bushe, ragowar fetur ta daskare a kafireta. Bayan shekara biyar mai shi zai ja igiya, ya tarar da gunki ya ajiye.

Sannan akwai abin da fenti ke binnewa. A mariƙin 070 ɗin da aka kawo wa dattijon nan, daidai inda hannun hagu ke kamawa, launin ya gushe, ƙarfen ya yi sumul yana sheƙi saboda gumin shekaru. Na tambayi dattijon ko zai shafa masa ɗan fenti a wurin. Ya harare ni, ya miƙa wa yaron injinsa, ya ce ya kawo kuɗin fistan kafin la'asar.