Alƙalami da Jinin Ɗalibai: Nazari Kan Shirun Adabinmu

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu. To amma akwai duhun da ya fi wannan, wato mutum ya san abu sarai, sannan ya kau da kai kamar bai gani ba. Manufar wannan ɗan nazari ita ce duba yadda adabin Hausa, musamman ƙagaggun labarai da rubutattun waƙoƙi, ya ɗauki wani al'amari da ya daɗe yana maimaita kansa a ƙasar nan, wato harbin ɗalibai da matasa idan sun fito zanga-zanga, da yadda hukuma kan kakkaɓe hannunta bayan an dawo daga maƙabarta. Maganar ta fi shafar 'yan'uwa marubuta na Dutse da kewaye, domin garin da a da sai dai ya tura 'ya'yansa Zariya da Kano karatu, tun shekarar 2011 yana da jami'ar tarayya a ƙofar gidansa.

Abin da ya faru

Kafin a shiga sharhi, ya kamata mai karatu ya tuna da tarihin a taƙaice. Ranar 1 ga Fabrairu 1971 'yan sanda suka harbe Kunle Adepeju a Jami'ar Ibadan. A watan Afrilu na 1978, zamanin Janar Obasanjo, aka ƙara wa ɗaliban jami'a kwabo 50 a kan kuɗin abincin yini, suka fito suna neman a sauke kwamishinan ilimi na tarayya, Kanar Ahmadu Ali. An kashe ɗalibai a Legas da Samarun Zariya, aka kuma haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa.

Bayan shekara takwas, ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suka yi jerin gwano don tunawa da waɗancan mamatan. Hukumar jami'a, ƙarƙashin Farfesa Ango Abdullahi, ta hukunta shugabanninsu bisa laifin shiga ɗakin kwanan mata na Amina yayin jerin gwanon, rigima ta tashi. Ranar 23 ga Mayu 1986 'yan sandan kwantar da tarzoma suka shiga harabar jami'ar suka buɗe wuta. Gwamnati ta ce mutum 4 suka mutu, ɗalibai da jama'ar gari suka ce abin ya fi haka. Gwamnatin Janar Babangida ta kafa kwamitin bincike na Manjo Janar Emmanuel Abisoye, amma matakan da suka biyo baya sun fi faɗawa kan ɗalibai da malamansu. An haramta ƙungiyar NANS, an hana ƙungiyar ƙwadago gangamin nuna alhini, aka kuma zargi wasu malamai da koyar da abin da ba shi aka ɗauke su koyarwa ba. A 1988 aka kori Patrick Wilmot daga ƙasar, a 1989 aka sallami Yusufu Bala Usman daga aiki, sai da kotu ta mayar da shi.

A lokacin babu Jihar Jigawa, sai ranar 27 ga Agusta 1991 aka cire ta daga Kano, amma 'ya'yan Dutse da Birnin Kudu da Kiyawa da Jahun, Zariya na cikin manyan wuraren da suke zuwa neman ilimi. Ashe ke nan labarin namu ne. A watan Agusta na 2024 kuwa abin ya iso har gida, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, inda gwamnatin Jigawa ta sa dokar hana fita ta awa 24. Ƙungiyar Amnesty International ta ce aƙalla mutum 24 aka kashe a jihohi shida, har da Jigawa, rundunar 'yan sanda kuwa ta ƙaryata rahoton. Ranar 1 ga Nuwamba na shekarar aka gurfanar da ƙananan yara a kotun tarayya ta Abuja bisa tuhumar cin amanar ƙasa, wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, sai da jama'a suka yi ca kafin Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su.

Ina adabinmu yake?

Ba za a ce harshen Hausa bai saba da faɗa wa masu mulki gaskiya ba. Waƙoƙin Sa'adu Zungur da na mawaƙan NEPU irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja sun tunkari zalunci gaba da gaba a lokacin da yin haka kan kai mutum gidan yari. A fagen zube ma, littattafan farkon shekarun 1980 sun nuna hanya. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina ya tona asirin fasa-ƙwauri da cin hanci, Tura Ta Kai Bango ya duba danniyar siyasa, Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare kuma ya nuna abin da bindiga kan zama a hannun wanda yaƙi ya lalata wa zuciya.

Daga nan sai adabin kasuwar Kano ya mamaye fage. Ba na cikin masu yi masa kallon raini, domin marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu sun taɓo auren dole da wulaƙanta mata da ƙarfin hali. Sai dai a mafi yawan waɗannan littattafai, jami'a wuri ne kawai da saurayi kan haɗu da budurwa. Ɗalibi masoyi ne, ko ɗan mai kuɗi da mota, ko talaka mai kaifin ƙwaƙwalwa da iyayen yarinya suka raina. Ɗalibin da ke jayayya da hukuma kan kuɗin makaranta, da uwar da aka kawo wa gawar ɗanta daga Samaru, ba su sami gurbin da ya dace da su ba. A ganina, illoli uku ne suka haddasa wannan.

Illa ta farko ta kalmomi ce. Mun ari bakin sanarwar gwamnati mun ci albasa da shi. Hausa tana da ɗan lamirin nan "an" da "aka" wanda kan ɓoye mai aikata abu, kuma babu wanda ya fi hukuma son sa. Za ka ji "an rasa rayuka", kamar rai akuya ce da ta ɓace a kasuwar Shuwarin. Za ka ji "rikici ya ɓarke", kamar tsohuwar riga. Wa ya ba da umarni? Wa ya ɗana kunamar bindiga? Jimlar ta haɗiye su duka. Haka ma zaɓi tsakanin "zanga-zanga" da "tarzoma", ko tsakanin "ɗalibai" da "ɓata-gari", hukunci ne da marubuci kan yanke tun kafin a zauna shari'a. Aikin mai alƙalami shi ne ya mayar wa jimla da mai aikinta.

Illa ta biyu ta tsarin labari ce. Marubutanmu da yawa, idan zalunci ya yi wa labari nauyi, sai su rufe shi da "Allah ya isa", ko su sa azzalumi ya yi haɗarin mota a babin ƙarshe. Imani da ƙaddara gaskiya ne, babu Musulmin da ke jayayya da shi. Amma shari'ar Musulunci da kanta ta tanadi ƙisasi da diyya a nan duniya, wato jinin mutum ba ya tafiya a banza don kawai akwai hisabi gobe. Labarin da ya tsallake kotu da kwamitin bincike da diyya ya tafi lahira kai tsaye, ya koya wa mai karatu cewa babu abin da za a tambayi gwamnati. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da mai harbi yake so.

Illa ta uku tsoro ce, kuma ba a raina ta. Dokar soja mai lamba 4 ta 1984 ta ɗaure 'yan jarida biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor. Ranar 10 ga Nuwamba 1995 aka rataye Ken Saro-Wiwa, tsohon shugaban Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya. Wanda ya yi shiru a wancan zamani yana da hanzari. To amma soja sun koma bariki tun 1999, shirun kuwa ya zame mana jiki.

Darasi daga maƙwabta

Ranar 9 ga Fabrairu 1990, zamanin Janar Ali Saibou, jami'an tsaro suka harbi ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai, hukuma ta amsa cewa uku sun mutu. Ɗaliban Nijar ba su bari ranar ta ɓace ba, suna tunawa da ita kowace shekara, kuma babban taron ƙasa na 1991 ya tayar da maganar a bainar jama'a. Ba a ce an yi cikakken adalci ba, amma ranar ta sami suna da gurbi a zukatan mutane. Shin ɗalibai nawa ne a Dutse yau za su iya faɗin abin da ya faru ranar 23 ga Mayu 1986?

Kammalawa

Ba ina kira ne a mayar da adabi takardar farfaganda ba. Labarin da zai nuna kowane matashi waliyyi, kowane ɗan sanda shaiɗan, ƙarya ce ita ma. A 2024 an yi ƙone-ƙone da wawure kaya a wasu garuruwa, marubucin kirki dole ya nuna wannan. Ɗan sandan da aka tura da bindiga, shi ma ɗan talaka ne, wataƙila ƙanensa na cikin taron. A irin wannan sarƙaƙiya ce labari mai rai yake fitowa, sai dai kada a manta cewa satar buhun taki ba ta halatta harsashi a ƙirji.

Saboda haka ina ba reshen ƙungiyarmu shawara biyu. Ta farko, a nemi tsofaffin ɗaliban Zariya na 1978 da 1986 da ke zaune a Jigawa, a ɗauki bayanansu tun suna raye, haka ma iyalan da abin 2024 ya shafa, idan sun yarda. Ta biyu, a keɓe fitowa guda ta wannan mujalla ga gajerun labarai da waƙoƙi da wasan kwaikwayo kan wannan batu. Rahoton kwamiti kan kwanta a kabad ƙura ta rufe shi, amma littafin da ya shiga hannun 'yan makaranta ba mai iya kulle shi. Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu, ya ba mu ikon faɗin gaskiya komai ɗacinta.